Gilashin da Ya Fi Ƙarfin Shago

Ba a taɓa gaya wa Na-Sani magana ya bari ta kai ƙarshe ba. Kana cewa "ka ji an ce," zai tari numfashinka da "na sani," ko da kuwa haihuwa aka yi a gidanku yanzun nan, shi kuma saukarsa ke nan daga tafiya. Da haka sunan ya bi shi har aka manta na asali. Ya taɓa gyaran rediyo, rediyoyin unguwa suka yi shiru. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka riga shi gajiya. A bana kuma Allah ya haɗa shi da bidiyon masu hoto a waya, ya kalli wajen arba'in, ya sayi falmaran mai aljihu goma sha biyu a gwanjo, ya wayi gari yana ba mutane shawara a kan gilashin kyamara, wato bututun nan da ake ɗaura mata a gaba. Ita kyamarar dai bai taɓa riƙe ta ba.

Mai sana'ar na gaske shi ne wan matarsa, wanda kowa ke kira Yaya Mai Hoto. Shagonsa ɗan ɗaki ne, taku huɗu daga bango zuwa ƙofa, da farin ƙyalle a rataye, da kujera marar jingina, da kyamara a kan sanda mai ƙafa uku. Tun da kowa ya koma ɗaukar kansa da waya, aiki ɗaya ne ya riƙe shagon. Duk shekara ƙungiyar direbobin bas kan zo a ɗauke su fasfo na sabon katin shaida, su kuma su turo iyalansu da fasinjojinsu har shekara ta zagayo. Shekara ashirin da biyu ana haka. Ranar da direbobi suka sauya shago, ranar Yaya zai sauke allonsa, kuma ya san da haka.

Sai ga shi asibiti sun sa masa ranar Laraba don cire yanar da ta rufe masa idon dama, a sallame shi Alhamis da rana, direbobi kuma sun sa safiyar Alhamis ɗin. Likita ya ƙi ɗagawa, ƙungiya ta ƙi ɗagawa. Ƙanwarsa ce ta yi ta roƙo a bar wa mijinta shagon na kwana ɗaya, ko Allah zai sa ya kama sana'a ta huta da gori. Yaya ya yarda ne kamar mai haɗiyar magani.

Da safiyar Laraba ya kira Na-Sani ya nuna masa ƙasa.

"Ka ga inda ƙafafun kujera suka ci siminti? Nan take zama. Ka ga ɗigon jan fenti uku? Nan ƙafafun kyamara suke. Na saita komai. Mutum ya zauna, ka ga kunne biyu da kafaɗa biyu, ka danna nan."

"Na sani, Yaya."

"Ban gama ba."

"Na san ba ka gama ba."

"Kar ka taɓa komai. Ko ƙura ka gani, ka gaishe ta ka wuce."

Tasi na ɗaukar Yaya da ƙanwarsa, Na-Sani ya zagaya kyamara sau biyu ya tsaya a gabanta. Gilashin da ke jikinta ɗan mitsitsi ne, bai fi gwangwanin tumatir ba, fentin gefensa duk ya koɗe saboda yatsun Yaya. Tausayin surukinsa ya kama shi. A bidiyon da yake kallo, manyan masu hoto da ƙyar suke ɗaga nasu gilashin. Ashe shi ya sa shagon ya ƙi gaba. Nan take ya ƙudurta cewa kafin Yaya ya buɗe ido zai tarar da shago ya zama na zamani, a sa sunansu su biyu a allo, nasa a sama saboda ya fi gajarta.

Ya kwance kyamarar ya rataya a wuya, ya tsallaka titi ya leƙa shagon Mai Aski don kada a ce an yi babban aiki ba shaida.

"Gobe ka zo ka ga yadda ake hoto," in ji shi. "Wanda aka ɗauka da gilashin da zan kawo, ko uwarsa sai ta sake kallonsa."

"Don kyau ko don ta kasa gane shi?" in ji Mai Aski, bai ko ɗago daga kan da yake yi ba.

A layin masu kayan hoto na kasuwa akwai wani dattijo da ake kira Dillali, mai saye da sayar da gilasai na hannu. Ya karɓi ɗan gilashin Yaya, ya haska cikinsa da tocila, ya murza zobensa a hankali kusa da kunne, ya duba bakin da ke shiga kyamara.

"Ba fumfuna, ba ƙarzuwa, zobe na tafiya kamar an shafa mai," in ji shi. "An daina ƙera irinsa. Wannan ba a sayar da shi sai mai shi ya mutu. Ya mutu ne?"

"Yana asibiti."

"To ka jira mana."

Na-Sani bai ji ba, don idonsa ya riga ya sauka a kan wani abu a saman kanta. Gilashi ne fari, tsawonsa ya kai taɓarya, bakinsa kamar faranti. Ya ce a sauko da shi. Sai da Dillali ya kira maƙwabcinsa suka kama tare.

"Wannan na masu ɗaukar tsuntsaye ne, da masu ɗaukar 'yan ƙwallo daga bakin fili," in ji Dillali. "Lafiyarsa ƙalau, kuma zai hau kyamararka. Amma shekararsa uku a nan ba wanda ya taya. Me za ka ɗauka da shi?"

"Fasfo."

Dillali ya ajiye tocila. "Taku nawa ne shagon?"

"Baba, bari na ba ka ilimi kyauta," in ji Na-Sani, ya soka hannu a aljihu na bakwai. "Dokar sayen gilashi uku ce. Ta ɗaya, tsawo, don tsawon gilashi shi ne darajar mai hoto. Ta biyu, nauyi. Gilashin da bai sa ka nishi ba roba ne."

"Ni kuwa a sanina, ɗaki ake fara aunawa kafin gilashi. Wannan ba ya ganin abin da ke kusa da shi."

"Na sani. Ai ku sayarwa kuka iya, sanin kaya sai mu da muka yi karatunsa. Musaya za mu yi, ka riƙe ƙaramin na ɗauki babban. Doka ta uku kuma, ciniki in ya faɗa ba a dawowa. Kada gobe ka gane an yi maka wayo ka biyo ni kana kuka."

Don ya ɗaure tsohon da kyau, ya tara masu shaguna uku su zama shaida, ya sa Dillali ya maimaita a gabansu cewa ba a dawowa. Dillali ya maimaita sau biyu ba tare da an roƙe shi na biyun ba. Ya naɗe ɗan gilashin a ƙyalle mai laushi, ya tambayi ƙarfe nawa za a fara aikin gobe.

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis direbobi talatin da ɗaya suka yi layi a ƙofar shago, kowa da wankakkiyar riga. Ciyaman ɗinsu, wani ƙaton mutum mai gashin baki da ya sha gyara, shi ya fara zama a kujera. Ya ce ƙarfe huɗu za a kai hotuna ofishin da ke buga kati, don haka a yi da jiki.

Na-Sani ya ɗora kyamara a kan ɗigon fenti. Bakin gilashin ya tsaya ɗan kaɗan da hancin Ciyaman, har numfashinsa na yi masa raɓa.

"Harbe ni za a yi?" in ji Ciyaman.

"Sabon salo ne, ranka ya daɗe."

Ya leƙa. Bai ga komai ba sai wani abu ruwan ƙasa, dishi-dishi, kamar an kalli bango ta cikin ruwan wanki. Ya murza zobe dama, ya murza hagu. Ya ja sandar baya har ya fita ƙofa, direbobi suka dare masa. Daga bakin kwata ya sake leƙawa, sai ga hoto ya fito tar. Wani baƙin rami ne mai ciyayi a gefe, iska na kaɗa su. Ya daɗe yana nazari kafin ya gane ƙofar hancin Ciyaman ce ta hagu.

"Ya fito?" in ji Ciyaman daga ciki.

"Ya fito sosai, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin mutum haka ba."

Ya ƙara ja baya zuwa tsakiyar titi, wani mai babur ya kauce masa yana yi wa danginsa addu'ar da ba ta da kyau. Daga nan ya samu hanci cikakke da rabin gashin baki. Ya tsallaka ya shiga shagon Mai Aski da baya, yana jan sandar, ya ture kwanon kumfa, ya wuce wani mutum da aka aske wa rabin kai, har gadon bayansa ya daki madubi. Daga nan ya samu ido biyu, hanci da baki. Kunne ko ɗaya babu.

"Malam, ina aiki," in ji Mai Aski.

"Bangon nan naka, bulo ne ko katako?"

"Me ya sa?"

"Taku goma kawai nake nema a bayansa."

"A bayansa banɗakin mai gida ne. In ka samu izininsa ni ban hana ba."

Wani zai tsaya nan ya ce a yi haƙuri. Na-Sani kuwa ya fito yana murmushi ya sanar cewa matsalar ta titin ce, an yi shi ba faɗi. Amma yana da tsawo. Ya sa aka fito da kujera aka dasa a ƙofar shago tana kallon tsawon titi, ya sa direbobi biyu suka riƙe farin ƙyalle a bayan Ciyaman, shi kuma ya saɓa kayansa ya yi ta tafiya yana juyowa yana leƙe har ya yi taku talatin.

Daga can fuskar ta kusa cika, sai dai duk lokacin da zai danna wani abu ya gitta. Ya ɗauki gefen motar ruwa. Ya ɗauki kwandon wata mata. Ya ɗauki kunnen akuya, wanda shi ne kunne na farko da ya samu tun safe. Direbobi, da yake maganin hanya a hannunsu yake, suka ce wannan mai sauƙi ne. Biyu suka tafi suka kawo bas-bas ɗinsu, aka gindaya ɗaya a wannan bakin titi, ɗaya a wancan. Titi ya zama na Na-Sani shi kaɗai, sauran gari kuma suka taru a bayan motocin suna danna ham.

Ham ɗin ya hana Ciyaman jin umarni. Sai aka jera direbobi takwas tsakaninsa da kyamara, kowa ya karɓi magana ya miƙa wa na gaba.

"Ya ɗaga haɓa," in ji Na-Sani.

"Ya ɗaga haɓa," in ji na farko, ya ɗaga tasa don misali. Na biyu ya karɓa ya ɗaga tasa. Kafin saƙo ya isa, mutum takwas na kallon sama, 'yan kallo ma suka ɗaga kai suna neman abin da ke wucewa. Amsa ta biyo layi ta dawo.

"Ciyaman ya ce haɓar tasa ce, ya san inda ya ajiye ta."

Ana cikin haka tsohuwar sandar Yaya, wadda ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi gwangwani ba, ta fara sallamawa. Bakin gilashin ya riƙa sunkuyawa a hankali daga goshin Ciyaman zuwa maɓallin rigarsa zuwa takalminsa. Na-Sani ya waiga ya ga Mai Aski ya fito kallo, ya kamo shi ya ɗora masa bakin gilashin a kafaɗa.

"Tsaya cak. Gilashin nan ko ƙuda ya sauka a kansa sai hoto ya girgiza. Daina numfashi."

"Har yaushe?"

"Har na danna."

"Direba talatin da ɗaya ne fa."

Mai rabin aski ya biyo su da ƙyalle a wuya, kumfa na bushewa a gefen kansa, ya tsaya kusa da Mai Aski yana tambaya cikin ladabi ko za a iya ƙarasa shi a tsaye. Mai Aski ya ce hannunsa ɗaya ba ya komai. Na-Sani ya ce duk wanda ya motsa shi ya ɓata aikin ƙungiya. Mutumin ya ce shi ma ƙarfe goma sha biyu ake jiransa wajen neman aiki, kuma bai san wane gefen kansa zai nuna musu ba.

Rana ta take. Ciyaman ya jiƙe sharkaf, gashin bakin da ya sha gyara ya kwanta. Jama'a suka cika tsakanin kujera da kyamara, don duk wanda motarsa ta maƙale sai ya sauko ya ga dalili. Wani ya ce fim ake yi. Wata ta ce a'a, masu auna titi ne, za a rushe shaguna. Wani tsoho ya rantse cewa na'urar gwajin ciwo ce daga nesa, ya je ya tsaya a bayan Ciyaman yana jiran layi. Na-Sani ya leƙa bai ga komai ba sai ƙeyoyi.

Sama ce mafita. Ya bar Mai Aski ya ja numfashi, ya hau rufin bas ɗin da ke bayansa, aka miƙa masa kayan, ya kwanta rub da ciki ya ɗora gilashin a kan safayar tayar da ke ɗaure a rufin. Daga nan ya ga Ciyaman sarai, daga goshi har haɓa, ga gefen kunnuwa sun fara leƙowa. Kafaɗu kawai suka rage. Zuciyarsa ta yi fari, ya tura saƙo ta layi cewa saura ƙiris.

Saƙon bai isa ba, domin jami'in hanya ya riga shi. Ya ratso jama'a da usur a baki yana tambayar wanda ya rufe titi. Ciyaman ya tashi daga kujera ya tafi yi masa bayani da hannu biyu. Jami'in ya ce bayani sai an buɗe hanya. Direban bas ɗin da Na-Sani ke kai ya ga ana rubuta lambar mota, ya faɗa ciki ya tayar, ya manta sarai cewa yana da fasinja a sama.

Na-Sani ya ji rufi na rawa a ƙarƙashin cikinsa. Ya ƙanƙame kyamara, idonsa na manne da ita don tsoro ya hana shi ɗagowa. Mota na tafiya, hoto na buɗewa. Farin ƙyalle ya shigo, direbobin nan biyu na riƙe da shi har yanzu don ba wanda ya sallame su. Kujera ta shigo, da mutum a kanta. Ga kunne biyu, ga kafaɗa biyu, ga ido biyu a buɗe tangararan suna kallonsa. Tun safe abin da yake nema ke nan. Aibin fuskar ɗaya ne, ta Yaya Mai Hoto ce.

Cunkoso ne ya tsayar da tasinsu, suka ƙaraso da ƙafa shi da ƙanwarsa. Da ya ga kujerarsa a titi, ƙyallensa a hannun direbobi, shagonsa wayam, sai ya zauna a kan kujerar, ya cire baƙin tabaran asibiti don ya tabbatar. Daidai nan direba ya taka burki, goshin Na-Sani ya daki kyamara, yatsansa ya danna, ta ce ƙyas.

Sai a gidan mai aka sauko da shi. Ya dawo da ƙafa, gilashi a kafaɗa, wando a yage a gwiwa, aljihu uku na falmaran sun zazzage. Jama'a suka buɗe masa hanya har gaban kujera.

"Sannu da dawowa, Yaya. Ya jiki? Daman ina so na yi maka bayanin tsarin."

Yaya ya dube shi, ya dubi abin da ke kafaɗarsa. "Shekara uku ina roƙon Allah ya buɗe mini idon nan," in ji shi. "Yau da safe aka kwance bandeji. Abin da na fara gani da shi ke nan. Ina gilashina?"

"An ɗaukaka shi, Yaya."

Matar Na-Sani ta ƙura masa ido, irin kallon da zagi ya fi shi sauƙi. Ciyaman ya dawo yana tsane wuya da hankici na uku.

"Yaya, tsakaninmu da kai sai mutunci," in ji shi. "Amma awa uku ina zaune ana ɗaukar hancina. In ƙarfe ɗaya ta yi ba a fara ba, za mu tafi sabon shagon bakin tasha, kuma ka san direba in ya sauya hanya ba ya komawa tsohuwa."

Sai aka ji gyaran murya daga inuwar shagon Mai Aski. Dillali ne zaune a kan 'yar kujerar da ya zo da ita daga gida. Tun tara saura yake wurin, ya ce bai taɓa rufe shago don kallo ba sai yau, kuma bai yi asara ba. Ya zaro ƙullin ƙyalle daga aljihu ya buɗe, ga ɗan gilashin Yaya.

Na-Sani ya yi wuf. "Yauwa Baba, daman ina neman ka. Na yi nazari, na ga kamar na cuce ka. Karɓi naka."

"Ciniki in ya faɗa ba a dawowa. Shaidu uku ka tara mini."

"Ai doka ta uku tana da reshe."

"Jiya ba ta da shi." Dillali ya juya wajen Yaya. "Na yi murnar rabuwa da wancan taɓaryar, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ci gilashin mai rai ba. Zan mayar, da sharaɗi ɗaya. Surukinka ya gaya mini a gaban maƙwabtana cewa ban san kaya ba. To ya tsaya a gaban nasa maƙwabtan ya ce bai sani ba. Kalma uku ce."

Na-Sani ya gyara falmaran.

"Wato, akwai wasu fannoni da binciken bai gama..."

"Ba ita ba ce."

"Sanin da na yi ya yi wa titin yawa."

Dillali ya fara naɗe ƙyallensa. Ciyaman ya duba agogo. Na-Sani ya waiga neman mai taimako, sai idonsa ya faɗa cikin shago, kan ramukan nan huɗu da kujera ta ci a siminti, sannan kan Yaya da ke zaune a rana da jan ido yana ruwa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da kaji suka ƙare. Ya sauke gilashin daga kafaɗa.

"Ban sani ba," in ji shi, can ƙasa.

"Mu na baya ba mu ji ba," in ji mai rabin aski.

Direbobin nan takwas kuwa aikinsu bai fita daga jikinsu ba. Na farko ya juya ya ce, "Ya ce bai sani ba." Na biyu ya karɓa ya miƙa. Magana ta bi layi ta wuce na takwas, 'yan kallo suka ɗauka, ta tsallake jami'in hanya, ta shiga tagogin motoci, har can ƙarshen titi aka ji wata murya tana tambaya, "Wa?" aka amsa mata, "Na-Sani."

Likita ya hana Yaya sunkuyawa, don haka Na-Sani ne ya durƙusa ya mayar da ƙafafun kujera cikin ramukansu, ya dasa sandar a kan ɗigon fenti uku, Dillali ya ɗaura ɗan gilashin. Yaya ya tsaya a bayan kyamara. Zauna, ƙyas, tashi. Kafin Mai Aski ya ƙarasa ɗaya rabin kan, an gama da mutum talatin da ɗaya. Ciyaman ya ce baɗi ma suna nan, in dai za a tura wancan mutumin aike tun daren Laraba.

Da Yaya ya zo wanke hotuna ya tarar da aikin safe a kyamara: hanci goma sha tara, motar ruwa, kwando, kunnen akuya. Sai ya zo kan na ƙarshe. Shi ne zaune a gaban farin ƙyalle, tabarau a hannu, baki a buɗe, kowane gashin gira ana iya ƙirga shi. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar mutane, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa. Ya wanke shi babba ya rataye a bango.

Bai kori Na-Sani ba, saboda ƙanwarsa. Ya ba shi tsintsiya, ya shata masa iyaka da alli taku ɗaya daga kyamara. Bayan sati biyu wata mata ta zo fasfo, ta tsaya a gaban hoton bango tana cewa kai, wannan kamar zai yi magana, wa ya ɗauka?

Na-Sani ya jingina tsintsiya, ya soka hannu a aljihu na bakwai.

"Ni ne, Hajiya. Taku sittin da uku, daga kan mota tana tafiya. Ai shi gilashi, dokarsa uku ce. Daman tun farko na..."

Yaya ya yi gyaran murya daga bayan kyamara.

"Na zo share nan ne," in ji Na-Sani. "Ɗan ɗaga ƙafarki."